Taku Ɗaya a Bayan Kyaftin

Ranar Asabar da ta wuce na biyo ta gaban gidan kallon ƙwallo na bakin kasuwa, na tarar da ku kun fito kuna gumi kuna musu. Sai na ji ɗayanku, wani mai jar hula, yana cewa shi fa bai ga abin koyarwa a tsaron baya ba. Wai in ƙwallo ta zo ka buge ta waje, in mutum ya zo ka buge shi, shi ke nan an gama. Ban tanka masa ba, don ina riƙe da ledar cefane kuma ana jirana a gida. Amma maganar ta biyo ni har tsakar gida, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Na yi shekara goma sha wani abu ina buga lamba biyar. Hancina ya karye sau biyu, gwiwata ta hagu kuwa tana sanar da ni hadari tun bai haɗo ba. Bayan na ajiye takalmi na shiga horar da 'yan baya, har yau ban fita ba. Da buge ta waje ne kawai aikin, da tuni na huta.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Akwai usur na ƙarfe, wanda ya ci mini gefen haƙori ɗaya. Akwai tsohon farantin shayi da murafan kwalba, jajaye namu, korayen na abokan hamayya, da su nake nuna wa yara inda kowa zai tsaya. Akwai littafin rubutu mai baƙin bango. Sai babban cikinsu, igiyar guga mai tsawon gaba goma sha biyar. Da ita nake ɗaure 'yan baya huɗu a ƙugu, in sa su tafi gaba su dawo baya tare. Wanda ya yi nawa igiya za ta fizgo shi, wanda ya yi gaggawa za ta zaunar da shi a ƙasa. Na ga masu horarwa da ke yawo da kwamfuta, ban raina musu ba, amma ban taɓa ganin kwamfutar da ta kayar da malalaci ba.

Igiyar nan gadonta na yi wajen Malam Goni, wanda ya koya mini aikin. Babarbare ne, iyayensa daga Yobe suka zo suka zauna a Azare. Shekara uku na yi ina naɗe masa igiya ina warwarewa, ni da nake da mata da 'ya'ya, kafin ya yarda in busa usur a gabansa. Ba ya yabo. Ranar da ka yi daidai sai ya yi shiru, kai kuma ka koma gida kana murna. Abu ɗaya ya nace mini a kai. Ya ce lokacin hutun kakar wasa, sa'ad da ake tace sunaye, wa zai zauna wa zai tafi, kada in kuskura in soke sunan ɗan wasa sai na je garinsu na ci abinci a gidansu. Na ce masa Malam, ai a fili ake ganin ɗan wasa. Ya ce a fili ƙafarsa kawai kake gani. Na ɗauka son cin tuwon mutane ne irin nasa, sai da shekarar Jibo da Buba ta zo.

Wani kulob ne a nan Azare, na ƙwararru, masu ɗaukar albashi da shiga mota zuwa jihohi. Ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Sun yi wata kaka da har yau magoya baya ba sa son a tuna musu. 'Yan gabansu suna ci, amma duk ɗaya da suka ci sai a rama musu biyu. A teburin mai shayi an daina cewa 'yan bayan kulob, sai dai a ce rariya. Da ƙyar suka tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni, a wasan ƙarshe. Ana gama kaka shugaban kulob ɗin ya sallami mai horar da 'yan baya, ya aiko a kira ni. Babban koci ya riƙe 'yan gaba da 'yan tsakiya, ni aka miƙo mini rariya aka ce in toshe.

Ku da kuke ganin ƙwallo minti casa'in ce, ku zo lokacin hutu ku ga aiki. Ranar gwajin sababbi matasa sun cika fili har bakin katanga. Na ce 'yan gaba su koma dama, 'yan baya su koma hagu. Fili ya tuttule dama, aka bar mini mutum uku a hagu, ɗayansu ma rake ya zo sayarwa. Ga dillalai kuma, kowa da nasa yaron a gefe kamar mai tallan rago, kowane yaro shekararsa sha tara, har da masu sanƙo. Wannan ba sabon abu ba ne. Babu dokar da ta hana mai shekaru buga wasan manya, amma masu kulob ba sa son jin an haura talatin, don haka kowa yake tsayar da shekarunsa inda suka yi masa daɗi.

Shugaban namu, wanda kowa ke kira Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin kirki, sai dai ya yi imani tsawo shi ne tsaron baya. Wani dillali ya kawo masa wani dogon yaro, wanda sai ya sunkuya yake shiga ofis, Alhaji ya gani ya ƙyasa. Ya kira ni ya ajiye takardar sunayen da za a kai rajista a gabana.

"Koci, gurbi ya cika. Dogon nan zai shiga. A cikin 'yan tsakiyar bayanka biyu, Jibo da Buba, ɗaya zai tafi. Kai za ka zaɓa."

"Ranka ya daɗe, ban ma gan su da ƙwallo ba tukuna."

"Mu mun gan su, shekara guda cur. Wata guda na ba ka, ranar da za a rufe rajista ina son suna ɗaya a soke."

Jibo shi ne kyaftin, ya daɗe a kulob ɗin, ƙaƙƙarfa ne mai faɗin ƙirji, a takarda shekararsa ashirin da takwas. Buba kuwa bara ya zo, siriri, mai gudu, ba ya magana. Duk su biyun mutanen Katagum ne, Fulanin gari. Wanda na soke a cikinsu, sai dai ya koma gona, don a irin wannan lokacin kowane kulob ya riga ya cika.

Aikin farko da na yi, na karɓi bidiyon wasanninsu na bara a waya, na zauna a zaure da littafina ina kallo ina maimaitawa har idona ya yi ja. Wanda na gada yana amfani da tarkon satar gida. Dabarar ita ce 'yan baya huɗu su tsaya a layi ɗaya, da an zo jefo ƙwallo su taho gaba lokaci guda, su bar ɗan gaban abokan hamayya a bayansu, mai tuta ya ɗaga. In mutum ɗaya ya makara, tarko ya tashi a banza, ɗan gaba ya tafi daga shi sai gola. To a kowane bidiyo mutum ɗaya ne ke makara. Buba. Ba da nisa ba, taku ɗaya tak a bayan Jibo. Jibo ya matsa gaba, shi ma ya matsa, amma takun nan ɗaya yana nan kamar an auna da ma'auni. In ƙwallo ta taso sama tsakaninsu, sai Buba ya ja da baya ya bar wa Jibo, ko da shi ya fi kusa. Abin da ya ɗaure mini kai, in Jibo ba ya wajen, yaron nan ba a wuce shi. Na rubuta a littafi: ko tsoro, ko gaba.

Kafin a sallami 'yan wasa su je gida noma, na roƙi kwana uku a sansani. Ranar farko na ɗaure su da igiya. Na busa usur, uku suka taho, igiya ta lanƙwashe a wajen Buba. Na sake busawa, haka. Na gajarta igiyar da ke tsakaninsa da Jibo, sai ya riƙa tafiya a karkace, ƙafafu a layi, kafaɗa da kai a baya, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Ina cikin wannan fama sai na ji Jibo ya waiwaya wajen golanmu, wani Babarbare mai baki kamar rediyo, sunansa Modu.

"Modu, gaya wa yaron nan ya matso hagu kaɗan."

Yaron nan kuwa yana tsaye kusa da shi, igiya ɗaya ta ɗaure su. Modu ya ɗaga murya daga raga: "Kai Bafulatani, ba shanu kake kora ba, maigidanka ya ce ka matso hagu." Buba ya matsa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Modu, ce musu na matso." Na tsaya riƙe da usur ina kallon wannan gidan waya. Ashe haka suka yi kaka guda. Kafin saƙo ya je raga ya dawo, ƙwallo ta riga shi isa.

Na tabbata faɗa ne a tsakaninsu. Na tara su a gaban kowa na yi musu wa'azin zumunci mai tsawo, har ni kaina ya burge ni, na ce su yi musabaha su rungumi juna. Jibo ya miƙa hannu yana kallon katanga. Buba ya durƙusa har ƙasa, ya kama hannun da hannu biyu yana kallon takalminsa. Sauran 'yan wasa kowa ya sami abin gyarawa a safarsa. Lokacin cin abinci na sa aka zuba musu a kwano ɗaya, Buba ya ce azumi yake. Bayan minti goma na same shi a bayan motar kulob yana cin ƙosai. Na haɗa su ɗaki ɗaya, da safe na tarar da tabarmarsa a barandar masallaci. Na tambayi Modu, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, sai ya ce, "Koci, ni gola ne, abin da ke gabana kawai nake gani." Na ce ai su ne a gabanka. Ya ce ana kiransa a waya.

Aka watse hutu. Na zauna da takardar Alhaji, biro a hannu, na kai shi kan sunan Buba. Ɗan bayan da ba ya magana kuma ba ya shiga layi, ko a sama ya iya tashi ba ni da abin yi da shi. Har na ɗiga tawada a gefen sunan sai maganar Malam Goni ta faɗo mini. Na ja tsaki, na rufe biro. Washegari na hau babur na kama hanyar Katagum, ina tafe ina yi wa tsohon mita, Allah ya jiƙansa.

Na isa da hantsi, an kwana ana ruwa, garin sai ƙamshin ƙasa da na kifin da ake banda. Na tambayi gidan su Buba, aka ce ya tafi gona, amma ba tasa ba, gonar Jibo, can wajen fadama. Na ce to, masu gaba kuma da taya juna noma. Na ajiye babur na taka. Daga nesa na hango mutum biyu sun duƙa suna nome gero. Ban ga fuskokinsu ba na gane su, don na biyun yana bayan na farkon da taku ɗaya.

Muka gaisa, suka yi mamakin ganina, muka koma ƙarƙashin wata tsamiya. Buba ya tsaya can gefe yana goge fartanya da ba ta buƙatar gogewa. Ba a jima ba wata mata ta iso da kwanuka a ka, ƙaramin yaro yana riƙe da gefen zanenta. Ta durƙusa a gaban Jibo ta ce, "Baba, ga abinci." Yaron ya saki zane ya ruga ya rungume ƙafar kyaftin ɗina mai shekara ashirin da takwas yana cewa Kaka. Sannan ya juya ya miƙa wa Buba hannu ya ce Abba. Buba ya ɗauki kwanonsa, ya saɓi yaron, ya nufi wata bishiya da ke can ƙarshen gona, wadda ko da majajjawa ba za ka same ta ba.

Na dubi Jibo. Shi kuma yana duban sama, ko za a sake ruwa.

"Kyaftin, wannan baiwar Allah fa?"

"Yarinyar gidanmu ce."

"Ta fari?"

"Koci, bismilla, ci abinci."

"A takardata shekararka ashirin da takwas."

"Haka aka rubuta."

"Ita kuma me take yi?"

"Tana koyarwa a firamare."

"To ke nan kana da shekara shida aka haife ta."

"Koci, kifin nan in ya huce ba ya daɗi."

Na ci tuwon dawa da miyar kuka da kifi, ina ci ina dariya har na ƙware. Duk lissafin da na yi a zaure ya rushe. Ba tsoro ba ne, ba gaba ba ce, surukuta ce. Yaron nan ba zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa ba, ba zai wuce gabansa ba, ba zai ci abinci a idonsa ba, balle ya daka masa tsawa ya ce matsa. Jibo ma ba zai kama sunan mijin 'yarsa ta fari ba. Ya ce auren ya shekara uku, tun Buba yana wani ƙaramin kulob, kuma shi ne ya sa Modu ya yi masa hanya bara, don yaron ya samu albashi mai kyau. Bai yi tunanin za a jera su a layi ɗaya ba.

"'Yan wasa duk sun sani?"

"Sun ci shinkafar bikin."

"Me ya hana ku faɗa?"

Sai ya daina kallon sama. "Koci, ranar da Alhaji ya ji ina da jika, ranar zai ce in kawo rigarsa. Na haura arba'in. Daga ƙwallo sai gonar nan, ban iya komai ba."

Da zan tafi, na tarar da Buba yana jirana a wajen babur. Ya durƙusa, na ce ya tashi.

"Koci, na ji an ce za a soke suna ɗaya. A soke nawa."

"Kai, a fili ne fa. Wasa ne. Me zai faru in ka shiga layi?"

"Ai filin ma suna ciki, Koci."

"In ƙwallo ta taso sama fa?"

"In na yi tsalle zan iya dafa kansu. Da wane ido zan shiga gida?"

Na hau babur na dawo Azare da matsala biyu maimakon ɗaya. In na faɗa wa Alhaji gaskiya, Jibo ya tafi. In na yi shiru na soke Buba, na kori ɗan bayan da ya fi kowa a kulob ɗin saboda yana da tarbiyya.

Kwana biyu ina juya murafan kwalba a faranti. Duk yadda na jera jajayen nan huɗu, sai in ja ɗaya baya da yatsa in zauna ina hararar sa. A rana ta uku na daina hararar sa, na tambayi kaina: in dai ba zai shiga layi ba, me zai hana in mayar da bayan ya zama aikinsa? Na jefar da tarkon satar gida gaba ɗaya. Jibo zai fita ya tari ɗan gaba, ya yi karo, ya ci ƙwallon sama. Buba zai tsaya a bayansa ya share duk abin da ya zubo. Tsohuwar dabara ce, masu kwamfuta sun ce ta mutu, amma su ba su da suruki a layinsu. Modu kuma na naɗa shi bakin kowa a hukumance, tunda Babarbare ne, yana da lasisin zagin Fulani tun daga kakanni. Da aka dawo sansani muka yi mako biyu a kan wannan. Buba ya zama wani mutum daban. An ce masa ya tsaya inda dama can yake son tsayawa, kuma an ce ya yi daidai.

Na je na roƙi Alhaji wasan gwaji ɗaya kafin a rufe rajista. Niyyata ya ga su biyun tare, ya haƙura da dogonsa, in tsira da duka ba tare da an tona komai ba. Aka gayyato wani kulob daga Yobe, masu 'yan gaba kamar zomaye. Ba a buɗe ƙofa ga 'yan kallo ba, don haka filin shiru, ana jin komai. Alhaji ya zauna a farar kujerar roba a bakin layi, dillali a damansa, dogon yaro a hagu yana rungume da takalmansa. Takardar sunaye tana cikin littafina.

Aka yi rabin lokaci ba a ci mu ba. Aka dawo, har wasa ya kusa tashi ba a ci mu ba. Jibo yana karo, Buba yana shara, Modu yana rabon zagi. Alhaji ya fara gyara zaman hula, dillali ya fara duba waya. Sai suka samu bugun kwana. Aka bugo, Modu ya fito ya naushe ƙwallo, ya yi karo da mutum, ya faɗi rub da ciki, bakinsa cike da ƙasa. Ƙwallo ta yi sama ta juyo tana saukowa kan Jibo a bakin raga. Ya buɗe ƙirji zai tare ta a hankali, bai ga lamba taransu ba, wanda ya taho a guje ta bayansa. Buba ya gani, amma ya yi nisa, ƙafarsa ba za ta kai ba. Ya dubi Modu, gidan waya yana ƙasa yana tofar da yashi. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba, ta cika filin nan har katanga ta amsa.

"Baba, bayanka!"

Jibo bai waiwaya ba, ya sa kai ya fitar da ita waje. Lamba tara ya wuce fuu ya faɗa cikin raga shi kaɗai. Bencinmu ya fashe da dariya. Buba ya ja riga ya rufe fuska, haka ya ƙarasa wasan yana leƙe ta wuyan riga.

Ana busa tashi Alhaji ya yafuto ni. "Koci, wa yaron can yake kira Baba?"

"Ranka ya daɗe, ai yaran yanzu, in suna girmama kyaftin..."

Ban ƙarasa ba Jibo ya iso, gumi yana zuba. Ya rusuna ya ce, "Alhaji, kada Koci ya yi ƙarya saboda ni. Mijin yarinyar gidana ne. Ina da jika. Na haura arba'in."

Alhaji ya dube shi, ya dubi Buba da ke can ya ba mu baya, sai ya kama dariya har hularsa ta faɗi, dillali ya ɗauko masa. Da ya samu numfashi ya ce, "Wato shekara guda ana cin mu saboda kunya. To ai yau ba a ci ku ba. Koci, bar su duka biyun, ko da tattaɓa-kunne ne da shi. Dogon nan a nema masa wani wuri."

Na samu abin da nake so. Na buɗe littafi da sauri kafin dillali ya buɗe baki. Sai Jibo ya miƙo hannu ya ce in ara masa biro. Na ba shi, na zaci hannu zai sa. Ya nemo sunansa a takardar, ya ja masa layi ɗaya, a hankali, daga farko har ƙarshe.

"Kyaftin, me ke nan? An ce an bar ku."

"Na ji, Koci. Dabararka ta yi, Allah ya saka. Amma ƙwallon nan ta ɗazu, da shekara biyar baya ne, da na ji takun mutumin ba sai an gaya mini ba. Kuma yaron nan ya fi ni. Muddin ina fili, a bayana zai ƙare."

Ya mayar mini da biro. Na ji zafin abin ƙwarai, don wata guda na yi ina neman yadda zan hana a ja wannan layin. Alhaji ma dariyarsa ta tsaya. Dogon yaro ya shiga rajista, ni kuma na ce ba zan iya da igiya ni kaɗai ba, gwiwata ta lalace, ina buƙatar mai riƙe mini ɗaya bakin. Alhaji ya gane, ya ce Jibo ya riƙe. Buba kwana uku bai zo atisaye ba. Modu ya ce yana Katagum, ya nome gonar surukinsa kaf, har da gefen ta maƙwabci, don neman gafarar tsawar da ya yi.

To kai mai jar hula, wannan suna ɗaya ke nan a takarda mai sunaye da yawa, kuma kowace shekara sai an sake ta. In har yanzu kana ganin buge ta waje ne, ka zo fili bayan sallar asuba, igiya tana nan, akwai sauran wuri a ƙugu.

Da sabuwar kaka ta zo na dawo da tarkon satar gida, tunda surukin ya fita daga layi. A atisaye komai lafiya. Amma ranar wasan farko a gida, fili cike da jama'a, ana take wasa sai na ga Buba ya koma taku ɗaya baya. Ba kowa a gabansa sai ciyawa, amma ya bar wurin a buɗe kamar mai shi zai dawo. Sau biyu tarko yana tashi a banza, Allah ya taimake mu Modu ya kama. Jibo yana zaune kusa da ni a benci, yana murza hannu. Ya sunkuyo ya ce, "Koci, gaya wa yaron nan ya matso."

Na ce, "Ni na gaji da aike. Bakinka ciwo yake?"

Ya daina murza hannu. Sannan ya miƙe, ya taka har bakin layi, ya tsaya inda kowa ke ganinsa. Bai yi ihu ba, amma muryar kyaftin ce, ta isa.

"Buba. Matso gaba."

Buba ya waiwayo ya dube shi, karo na farko da na ga ya dube shi a ido. Ya ɗaga ƙafa ya yi takun nan ɗaya. Aka jefo ƙwallo, su huɗu suka taho tare, mai tuta ya ɗaga.